An ɗage, an sake ɗagewa: me ke jinkirta shari'ar marar ƙarfi, kuma ina alhakin lauya?

Wata ranar Asabar da hantsi, mahaifiyar wani tsohon ɗalibina ta taso daga Briqueterie ta same ni a gida a Nkomkana, da wata takarda a naɗe cikin leda. Ɗanta mai shekara 17, yaron shagon ɗinki, ya shiga wata na bakwai a tsare bisa zargin sayen wayar sata. A bayan takardar wani ya riƙa rubuta mata ranakun zaman kotu, har guda shida, kowace rana da kalma ɗaya a gabanta.

"Malam, don Allah duba mini. Wannan kalmar da suke ta maimaitawa, me take nufi?"

Kalmar ita ce "renvoi", wato an ɗage zama. Na ce, "Inna, lauyan da kotu ta ba shi fa, me ya ce miki?" Ta ce sau ɗaya ta taɓa sa shi a ido. "Ban biya shi ko dala ba, Malam. Da wane baki zan tambaye shi?"

Wannan amsa tana bakin mutanenmu da yawa. Muna ɗaukar lauyan da hukuma ta naɗa tamkar sadaka, wadda ake karɓa da hannu biyu a yi shiru. A wurin doka kuwa haƙƙi ne, kuma nauyin da ke kan wannan lauya daidai yake da na wanda attajiri ya ɗauka da kuɗinsa. Dokar Kamaru ta ƙidaya kwanaki da watanni a matakai da dama na shari'a. Iyalin da suka san wannan lissafi ne kaɗai ke iya bambance jinkirin da ya fi ƙarfin lauya da wanda sakacinsa ya haifar.

Hanyoyi biyu na samun lauya ba tare da biya ba

Hanya ta farko ita ce wadda kotu ke naɗa lauya da kanta, abin da takardu ke kira "avocat commis d'office". Kundin tsarin shari'ar laifuka, wanda aka kafa da dokar 27 ga Yulin 2005 ya kuma fara aiki ranar 1 ga Janairun 2007, ya wajabta wa shugaban kotu ya naɗa lauya ga wanda ake tuhuma da laifin da hukuncinsa kisa ne ko ɗaurin rai da rai, idan ba shi da nasa. Haka nan yaron da bai kai shekara 18 ba, dole ne a samar masa mai kare shi. Ta wannan ƙofa ɗan matar nan ya sami lauya.

Hanya ta biyu ita ce agajin shari'a, "assistance judiciaire", wanda doka mai lamba 2009/004 ta 14 ga Afrilun 2009 ta tsara. Wannan sai an nema. Dokar ta kafa kwamitoci a kotunan matakin farko, da manyan kotuna, da kotunan soja, da na ɗaukaka ƙara, har Kotun Ƙoli. Mai nema zai kai buƙatarsa ga sakataren kwamitin kotun da shari'arsa take, a rubuce ko da baki. Za a nemi ya kawo takardar da ke nuna matsayinsa na haraji, da takardar shaidar rashin ƙarfi, "certificat d'indigence", wadda magajin gari ke bayarwa bayan binciken ma'aikatan jin daɗin jama'a. Ga mazauna Briqueterie da Nkomkana da Mokolo, wannan na nufin ofishin magajin garin Yaounde ta 2 da ke Tsinga.

Mutane da yawa sun cancanta ba su sani ba. Ban da matalauta, dokar ta ambaci masu biyan tsohon harajin nan na ƙananan sana'o'i, "impôt libératoire", wanda tela da mai tsire da mai ɗan tebur suka sani. Ta ambaci mace ko namijin da ke cikin shari'ar rabuwar aure yana riƙe da ƙananan yara ba shi da abin shiga. Akwai kuma waɗanda agajin haƙƙinsu ne kai tsaye: ma'aikacin da ya yi hatsari a bakin aiki yana neman diyya, da matar da miji ya gudu ya bari ba aiki ba abin hannu tana neman kuɗin ciyarwa, da wanda aka yanke wa hukuncin kisa yana son kai ƙara Kotun Ƙoli. Wanda aka amince masa, ana ɗauke masa kuɗaɗen kotu duka ko wani ɓangare, a kuma haɗa shi da lauya. Idan daga baya aka gano ƙarya ya yi game da abin hannunsa, ana janye agajin.

Kwanakin da doka ta ƙidaya

Lissafi yana farawa tun daga komisariya ko ofishin jandarma. Tun a farkon bincike, dole jami'i ya sanar da wanda ake zargi cewa yana da ikon ɗaukar lauya da ikon yin shiru. Tsarewar bincike, "garde à vue", awa 48 ce, ana iya sabunta ta sau ɗaya. Ƙari a kan haka sai da rubutaccen izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati.

Idan fayil ya koma hannun alƙali mai bincike ya tura mutum gidan yari, sashe na 221 ya ce tsarewar ba za ta wuce wata 6 ba. Yana iya ƙarawa da hujja a rubuce: wata 6 ga matsakaicin laifi, wata 12 ga babban laifi. Ke nan iyaka ita ce wata 12 ko wata 18. Da wa'adin ya cika, dole a saki mutum, in ba yana tsare kan wani laifi dabam ba. Wanda aka ci gaba da riƙewa ba bisa ƙa'ida ba, sashe na 584 ya ba shi damar kai kuka gaban shugaban babbar kotu ya nemi a sake shi nan take. A Yaounde, wannan ita ce babbar kotun Mfoundi. Ba dole sai shi da kansa ba, wani na iya shigar da buƙatar a madadinsa.

Sai dai a lura da abu biyu. Wannan iyaka ta watanni ta shafi lokacin bincike ne. Da zarar an miƙa fayil gaban kotun da za ta yi hukunci, jinkiri kan sauya kama ya zama ɗage zama bayan ɗage zama, kuma a nan aikin lauya ya fi fitowa fili: shi zai nemi beli, shi zai tashi ya ƙi amincewa da ɗagewar da ba ta da dalili. Na biyu, tuhumar ta'addanci tana ƙarƙashin dokar 23 ga Disambar 2014, wadda ta kai irin waɗannan shari'u kotun soja ta kuma ba da tsarewar bincike ta kwana 15 da ake iya sabuntawa.

Bayan hukunci ma lissafi bai ƙare ba. Wa'adin ɗaukaka ƙara a shari'ar laifi kwana 10 ne kacal. Bayan an ɗaukaka, akwai kwana 15 na miƙa takardar hujjoji, in ba a miƙa ba ƙarar ta faɗi tun ba a saurare ta ba. Lauyan da ya bari waɗannan kwanaki suka kuɓuce ya rufe wa mutum ƙofar da wuya ta sake buɗuwa, ko da kuwa gaskiya na gefensa.

Daga ina jinkirin ke fitowa?

Adalci ne a fara da abin da ba laifin lauya ba. Ana ɗage zama don mai ƙara bai zo ba, ko shaidu ba su amsa sammaci ba. Ana ɗagewa don ba a fito da fursuna daga gidan yari ba. Ana ɗagewa don an sauya wa alƙali wurin aiki, sabon da ya zo sai ya faro daga tushe. Alƙali ɗaya kan zauna da tarin fayiloli a rana guda, wasu sai dai a kira suna a ba da wata rana.

Akwai kuma matsalar da ta fi cizon mutanenmu, wato harshe. Kotu na aiki da Faransanci da Ingilishi. Wanda ba ya jin ko ɗaya, doka ta ce a naɗa masa tafinta. Ranar da ba a sami mai jin Hausa ko Fulatanci da zai yi rantsuwa ya fassara ba, an ɗage ke nan. Wasu saboda gudun haka sukan ce suna jin Faransanci alhali na kasuwa kawai suka iya, su amsa tambayar da ba su fahimta ba. Wannan ya fi ɗagewar haɗari.

Shi kansa agajin shari'a yana da nasa jinkirin. Mambobin kwamitin sun fito daga ofisoshi dabam-dabam, alƙali da mai gabatar da ƙara da lauya da wakilan ma'aikatu, kuma tara su a zama ɗaya ba ya zuwa da sauƙi. Kafin nan ma, marar ƙarfi ya sha zirga-zirga tsakanin ofishin haraji da na magajin gari, yana kashe kuɗin mota don ya tabbatar ba shi da kuɗi.

Sannan ga batun lada. Abin da hukuma ke biyan lauyan da kotu ta naɗa jaka biyar ne na sefa, wato 5,000, a kowane zama, kuma lauyoyi sun daɗe suna kukan cewa fitar da kuɗin na ɗaukar lokaci. Wanda zai hau tasi zuwa Kondengui ya ga wanda yake karewa, ya biya kuɗin kwafin fayil, ya wuni a kotu yana jiran a kira shari'arsa, ya san kuɗin ba ya rufe ɗawainiyar. Shi ya sa irin waɗannan fayiloli kan faɗa hannun matasan lauyoyi da masu koyon aiki. Yawancin lauyoyin ƙasar kuma suna Douala da Yaounde, don haka wanda shari'arsa take Arewa mai nisa ya fi shan wuya.

Lauyoyin da kansu sun taɓa ajiye riga saboda yanayin aiki. Daga 16 zuwa 20 ga Satumban 2019, ƙungiyarsu ta ƙasa, a ƙarƙashin shugabanta na lokacin Charles Tchakounté Patié, ta ƙaurace wa kotuna na kwana 5. Cikin koke-kokensu akwai hana su ganin waɗanda suke karewa, da yi wa mutane shari'a cikin harshen da ba su ji, da tsarewar da ta wuce ƙa'ida. Wata biyu kafin nan, ranar 22 ga Yulin 2019, fursunoni sun yi bore a babban gidan yarin Kondengui, kuma cunkoso da jinkirin shari'a na cikin abin da suka yi kuka a kai. Abu biyun a haɗe suke: fiye da rabin mutanen da ke gidajen yarin Kamaru jiran hukunci suke yi.

Shari'u biyu da aka ji a rediyo

Masu sauraron sashen Hausa na RFI ba su manta da Ahmed Abba ba. An kama shi a Maroua ranar 30 ga Yulin 2015, aka kawo shi Yaounde, ya yi watanni ba lauya ba dangi. Sai 29 ga Fabrairun 2016 aka fara shari'arsa a kotun soja, aka yi ta ɗagewa, har Afrilun 2017 da aka yanke masa shekara 10. Lauyoyinsa, ciki har da tsohon shugaban ƙungiyar lauyoyi Charles Tchoungang, suka ɗaukaka ƙara. Ranar 21 ga Disambar 2017 aka mayar da hukuncin wata 24, washegari ya fita. A lokacin ya yi kusan wata 29 a tsare, wato ya zarce hukuncin da kusan wata 5. Da ba a ɗaukaka ƙarar cikin wa'adi ba, da shekara 10 ta zauna.

Na biyu shi ne Amadou Vamoulké, tsohon babban daraktan gidan rediyo da talabijin na ƙasa, CRTV. An tsare shi a Yulin 2016 bisa tuhumar almubazzaranci da dukiyar gwamnati. An ɗage shari'arsa fiye da sau 100 a kotun musamman ta manyan laifukan kuɗi, kafin a yanke masa shekara 12 a Disambar 2022.

Waɗannan mutane ne da ke da ƙwararrun lauyoyi, ƙungiyoyin duniya na ambaton sunansu. Idan su ma jinkiri ya cinye musu shekaru, to yaron shagon ɗinki da ba wanda ya san da shi fa? Shi abin da ya rage masa shi ne lauya mai bibiya da dangin da ba su gajiya.

Yadda ake gane lauya mai himma

Ba a auna lauya da cin nasara kaɗai, domin hukunci na hannun alƙali. Ana auna shi da abin da ke hannunsa. Lauya mai himma yakan je gidan yari ya zauna da wanda yake karewa kafin ranar zama, ba a barandar kotu zai fara jin labarin ba. Yakan karanta fayil ya san abin da aka rubuta a komisariya da abin da aka sa wa hannu. Yakan san ranar da takardar tsarewa za ta ƙare. Yakan rubuta takardar neman beli idan laifin ba na kisa ko ɗaurin rai da rai ba ne, ya gaya wa dangi irin masu tsayawa da takardun da za su kawo. Idan wanda yake karewa ba ya jin harshen kotu, tun kafin ranar zama yake tunatar da kotu batun tafinta. Ranar da uzuri ya hana shi zuwa, yakan turo abokin aiki ko ya rubuto wa kotu. Bayan kowane zama kuma yakan faɗa wa dangi dalilin ɗagewa da rana ta gaba.

Akwai uzurin da bai kamata a karɓa ido rufe ba. Hutun kotuna na shekara yana kamawa daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Satumba, amma rage zama ake yi, kuma ragin bai shafi shari'un laifi da na gaggawa ba. Wanda ya ce maka ɗanka zai jira Oktoba don kotu na hutu, ka nemi ƙarin bayani.

Dangi ma suna da nasu rabon aikin. A sami littafi guda a rubuta lambar fayil, da sunan kotu, da ranar da aka kama mutum, da ranar da aka kai shi gidan yari, da dalilin kowace ɗagewa. A halarci kowane zama, domin zuwa da kai ya fi saƙo. A tanadi takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa da shaidar wurin zama, tunda sanannen mazauni na da nauyi wajen beli. Duk kuɗin da aka biya a kotu, a karɓi rasit. A kuma yi hattara da 'yan-na-san-wani da ke yawo a harabar kotu suna alkawarin "gyara" magana: yawanci kuɗi ke tafiya, fayil na nan inda yake. 'Yan Nijar da Najeriya da Chadi da ke zaune a nan su san cewa yarjejeniyar Vienna ta 1963 ta ba baƙon da aka tsare damar neman a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa.

Idan lauya ya yi sakaci

Matakin farko shi ne magana da shi cikin mutunci, a ofishinsa, da littafin nan a hannu. Sau da yawa fayil kan motsa da zarar lauya ya ga akwai masu bibiya. In hakan bai yi ba, a rubuta wa shugaban kotun da ta naɗa shi a nemi a sauya, a ajiye kwafin takardar da hatimin karɓa. Sama da nan akwai ƙungiyar lauyoyi. Dokar 19 ga Disambar 1990 da ta tsara aikin lauya ta ba majalisar ƙungiyar ikon ladabtar da mambobinta, daga gargaɗi zuwa dakatarwa har zuwa soke suna. Ana kai koke ga shugabanta, "Bâtonnier", ko wakilinsa na yanki. Game da tsarewar da ta wuce ƙa'ida, ana iya kai kuka ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Kamaru, wadda dokar Yulin 2019 ta kafa. Wanda kuma aka tsare ba bisa ƙa'ida ba daga baya aka wanke shi, sashe na 236 ya buɗe masa hanyar neman diyya.

Yadda maƙwabta ke fama

Ciwon ba na Kamaru kaɗai ba ne. Najeriya ta kafa hukumar agajin shari'a tun 1976, kuma dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ce a riƙa zama kullum, in hakan bai yiwu ba kowane ɓangare ba zai sami ɗagewa fiye da sau 5 ba, tazarar kowace kada ta wuce kwanakin aiki 14. Duk da haka gidajen yarin Kano da Kaduna cike suke da masu jiran shari'a. Nijar ta kafa hukumar ANAJJ da dokar Disambar 2011, amma da yake yawancin lauyoyi na Yamai, a garuruwan nesa ana dogara da mutanen da ba lauyoyi ba waɗanda ake naɗawa su kare marasa ƙarfi. Dukkan ƙasashen uku sun amince da Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam ta 1981, wadda sashe na 7 nata ya ce kowa na da haƙƙin a yi masa shari'a cikin lokacin da ya dace. Darasin da ke nan shi ne rubuta wa'adi a doka ba ya wadatarwa sai an sami mai tashi ya tuna wa kotu da shi.

Matar nan ta Briqueterie ta sayi littafi. Ni da ƙanin mijinta muka raka ta ofishin magatakardan kotu muka tambayi dalilin ɗagewa shidan. Biyu mai ƙara ne bai zo ba, ɗaya ba a fito da yaron ba, ɗaya babu tafinta, biyu kuma lauya ne ba ya nan. Muka same shi a ofis, wani matashi ne da fayiloli jibge a tebur. Ya saurare ta, ya nemi takardar haihuwar yaron da mutum biyu masu tsaya masa, ya rubuta takardar neman beli. A zama na biyu bayan nan aka ba da belin. Shari'ar ba ta ƙare ba, amma yaron ya koma kan kekensa na ɗinki, mahaifiyarsa kuma tana zuwa kowane zama da littafinta a jaka.